Rediyon Birtaniya a Zamanin Akushi Ɗaya

Ran Laraba, 6 ga watan Agusta 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malamin jami'ar Oxford mai suna C. S. Lewis ya shiga gidan rediyon BBC a birnin Landan, ya zauna a gaban makirufo da ƙarfe takwas saura kwata na yamma. Minti goma sha biyar aka ba shi domin ya yi magana a kan nagarta da mugunta, da dalilin da ya sa kowane mutum yakan ji akwai wata doka a zuciyarsa wadda ba shi ya kafa ta ba. Kafin ya buɗe baki, labarai aka karanta da harshen mutanen Norwe, gama ƙasarsu tana hannun sojojin Jamus a lokacin. Da ya gama kuwa, sai aka sa waƙoƙin mutanen Wales da harshensu, daga wurin bikin da sukan yi kowace shekara. Duk wannan a tasha ɗaya ne, cikin abin da bai wuce sa'a guda ba, ba kuwa wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Jawabin nan da waɗanda suka biyo bayansa har 1944 su ne aka tara aka buga littafin da ake kira Mere Christianity a 1952, wanda fastoci da malaman makarantun Baibul da yawa suka sani. Amma abin dubawa a nan shi ne wurin da aka ajiye jawabin. An sa shi a tsakiyar mako, a kan hanyar da kowa yake bi, har wanda ya kunna rediyo domin ya ji waƙa ya yi tuntuɓe da shi. Haka aka riƙa shirya yinin rediyo a Birtaniya shekara wajen arba'in da biyar, daga 1922 zuwa 1967. Tsarin ya isa a auna shi, a ga amfaninsa, a ga kuma inda ya kasa.

Mutumin da ya kafa shi shi ne John Reith, ɗan wani fasto na ƙasar Sukotlan, injiniya, dogo ƙwarai, da tabon harsashi a kunci daga Yaƙin Duniya na Farko. Yana da shekara 33 aka ba shi riƙon BBC a ƙarshen 1922, ya riƙe har 1938. Abu biyu suka ba shi ƙarfi. A ƙasar duka BBC kaɗai aka yarda wa ta watsa shiri, ba ta da kishiya. Kuɗinta kuma ba daga talla yake fitowa ba, kowane gida mai akwatin rediyo yakan biya lasisi na sule goma a shekara, haka kuwa kuɗin ya tsaya har 1946. Da yake ba ɗan kasuwar da zai zo ya ce a sa abin da zai sayar masa da sabulu, sai Reith ya sami sarari ya bi ra'ayinsa. Ra'ayin kuwa shi ne aikin rediyo ya haɗa sanarwa da koyarwa da nishaɗi, kada kuma a tsaya ga abin da mutane suka ce suna so, gama mutum ba ya marmarin abincin da bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Akwai abin da yakan ba mai sauraro na yau mamaki a cikin shekarun farko. Da gangan sukan canja lokacin shiri, kada mutum ya saba ya bar rediyo yana zuba kamar famfon da aka manta a buɗe. Wani lokaci sukan bar shiru na 'yan mintoci tsakanin shiri da shiri, musamman bayan abu mai nauyi, domin mai ji ya sami zarafin tunani. Ana so ya sayi mujallar Radio Times, wadda ta fara fitowa a watan Satumba 1923, ya duba, ya zaɓa, ya zauna ya kasa kunne kamar wanda ya je taro. Labarai ma sai da yamma ake karantawa, saboda yarjejeniyar da aka yi da masu jaridu, waɗanda suke tsoron rediyo zai kashe musu ciniki. Har ran 18 ga Afrilu 1930 mai karanta labarai ya sanar cewa babu labari a daren nan, aka sa kiɗan piyano a madadinsa. Jerin shirye-shiryen da mujallar ta buga daga 1923 zuwa 2009 BBC ta zuba shi a intanet, mai so yana iya buɗe kowace rana ya bi ta sa'a sa'a.

In aka buɗe wata rana ta shekarun yaƙi a tashar Home Service, wato Tashar Gida, wadda aka kafa ran 1 ga Satumba 1939, ga irin abin da za a tarar. Da sassafe akwai motsa jiki, mai koyarwa yana ƙirga, ana kiɗa. Gab da ƙarfe takwas minti biyar na tunani a kan maganar Allah, sa'an nan labarai. Ƙarfe takwas da kwata minti biyar na mata masu girki, gama tun watan Janairu 1940 abinci da kati ake samunsa, sai a koya musu yadda za su ciyar da gida da ɗan abin da ke hannu, wani lokaci kuma likita, Charles Hill, ya zo ya yi maganar ciki da hanji ba kunya. Ƙarfe goma da kwata sujadar kullum ta minti goma sha biyar, wadda aka fara a watan Janairu 1928 bayan wata mace, Kathleen Cordeux, ta yi ta rubuta wasiƙu tana roƙo saboda marasa lafiya da waɗanda ba su iya fita. Ana idar da addu'a sai kiɗa mai sauri na rabin sa'a domin ma'aikatan masana'antu, wanda aka fara a watan Yuni 1940, ana sa shi ta lasifika a ɗakunan da ake ƙera makamai. Kafin tsakar rana da kuma bayanta akwai darussan makarantu, malami ya kunna a aji. Wajen ƙarfe biyar lokacin yara ne. Da dare wasan kwaikwayo, ko lacca, ko ƙungiyar makaɗa, ko barkwanci. Ƙarfe tara kuwa agogon Big Ben ya buga, gida ya yi tsit, a karanta babban labari.

Mai karatu zai lura cewa ba mutum ɗaya da dukan wannan ya shafa. Tsoho mai ciwon ƙafa ba ruwansa da motsa jiki, ma'aikacin masana'anta bai roƙi darasin yara ba. Amma akwatin rediyo ɗaya ne a gida, babba, mai nauyi, yana ɗakin zama, kowa na jin abin da kowa ke ji. Cin akushi ɗaya ke nan. Uba ya ji abin da ake koya wa 'ya'yansa, mutumin birni ya ji farashin shanu da ake karanta wa manoma, wanda bai taɓa taka ƙofar coci ba ya ji zabura yana jiran kiɗa. Wannan shi ne babban amfanin tsarin, kuma abu ne da ba ya samuwa in an bar kowa ya ɗebi nasa ya koma lungu.

Shaidar cewa abin ya yi aiki tana nan a shiri biyu da suka yi tashe a lokaci guda. Ɗaya wasan ban dariya ne da ake kira ITMA, na Tommy Handley, wanda ya gudana daga 1939 har mutuwarsa a 1949, cike da shaƙiyanci da ba'a ga jami'an gwamnati. Ɗayan kuwa The Brains Trust, wanda aka fara a watan Janairu 1941, masana ne kawai suke zama, irin su Julian Huxley masanin halittu da C. E. M. Joad masanin falsafa, ana karanta musu tambayoyin da masu sauraro suka aiko, suna amsawa nan take ba tare da sun ga tambayar tun da wuri ba. Wa zai ce soja a bariki zai zauna jin gardamar falsafa? Amma miliyoyi suka riƙa ji, wasiƙu suna zuwa dubbai kowane mako. Yawancinsu kuwa mutanen da suka yi dariyar Handley ne. Dariyar ce ta tara jama'a, masanan suka tarar da su a zaune.

Haka kuma The Archers, wasan kwaikwayo na minti goma sha biyar a kan mutanen wani ƙauyen da aka ƙaga mai suna Ambridge, wanda aka fara watsa wa ƙasa duka ran 1 ga Janairu 1951. Abinci bai wadata ba tukuna bayan yaƙi, gwamnati tana so manoma su koyi sababbin dabaru, manoma kuwa ba su sauraron lacca. Sai aka saka shawarar ma'aikatar gona a bakin mutanen wasan, tsakanin maganar aure da rigimar gado. A daren 22 ga Satumba 1955, sa'ad da aka kashe wata amarya a cikin wasan, Grace Archer, a gobarar bargar dawaki, mutum wajen miliyan 20 suka ji. A wannan dare ne kuma aka buɗe talabijin na 'yan kasuwa na farko a ƙasar, washegari mutuwar Grace ake ta zance.

Sai dai shi Reith da kansa ya karya dokarsa rana ɗaya a kowane mako, kuma a nan ne aka fi ganin gaskiyar al'amarin. Ran Lahadi ba ya yarda da gauraye. Da safe, in ban da sujada, tasha takan yi shiru har ƙarfe goma sha biyu da rabi, domin kada rediyo ya hana mutane zuwa coci. Daga nan sai wa'azi, da jawabai masu nauyi, da kiɗan manyan mawaƙan Turai na dā. Ba kiɗan rawa, ba ban dariya. Nufinsa mai kyau ne, ɗan fasto ne mai girmama ranar Ubangiji, ba wanda zai zarge shi da munafunci. Amma idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ma'aikacin da ya yi kwana shida yana fama, Lahadi ce kaɗai ranarsa ta zama a gida, sai ya murɗa allurar rediyo ya ƙetare teku. Tashar Radio Normandie a Faransa ta fara shiri da Turanci a 1931, Radio Luxembourg ta biyo a 1933, dukansu na talla ne, suna zuba kiɗan rawa yini guda, Lahadi kuwa ita ce babbar ranar cinikinsu. Ranar da aka cika da addini ita ce ranar da jama'a masu yawa ba su ji kalma ɗaya ta addini ba, gama ba su nan. Sujadar minti goma sha biyar ta ranar Talata, wadda take zaune kusa da kiɗan ma'aikata, ta fi samun kunnen wanda ba ya zuwa coci. Bayan tafiyar Reith a 1938 aka fara sassautawa, yaƙi kuma ya ƙarasa rushe tsohuwar Lahadin, sa'ad da aka buɗe tashar sojoji a watan Janairu 1940.

Wanda ya gane wannan sosai shi ne James Welch, shugaban sashen addini na BBC a shekarun yaƙi, wanda ya taɓa aikin mishan a ƙasar Isoko a kudancin Nijeriya. Shi ya gayyaci Lewis, mutumin da ba fasto ba ne. Shi kuma ya roƙi Dorothy L. Sayers, marubuciyar labaran 'yan sanda masu bincike, ta rubuta rayuwar Yesu a wasan kwaikwayo domin lokacin yara. Wasanni goma sha biyu ta rubuta, da sunan The Man Born to Be King, aka watsa su daga watan Disamba 1941 zuwa Oktoba 1942. Ta sa almajirai suna magana da Turancin kan titi, ɗan wasa Robert Speaight kuma ya ɗauki muryar Yesu, abin da dokar gidajen wasa ta lokacin ba ta yarda a yi a kan dandamali ba. Tun ba a watsa ba wasu ƙungiyoyin Kirista suka tashi, suka ce saɓo ne, maganar ta kai majalisa, har aka sami masu cewa faɗuwar Singafo a hannun Japan a watan Fabrairu 1942 hukunci ne saboda wasan. Da aka ji shi kuwa, sai wasiƙun godiya suka yi ta zuwa. Tashar da aka keɓe wa masu ibada kaɗai da wuya ta yi wannan ƙarfin hali, gama masu ƙara su ne za su zama dukan masu sauraronta.

Duk da haka kada a ɗauka zamanin nan ba shi da aibi. Gaurayen na batutuwa ne, muryoyin kuwa kusan iri ɗaya ne. Waɗanda suke zaɓen abin da ƙasa za ta ji maza ne 'yan ƙalilan a Landan, masu ilimin manyan makarantu, masu lafazi ɗaya. Tun 1926 masu sanarwa sukan sa tufafin liyafa da dare kafin su karanta labarai, ko da yake ba mai ganinsu. Sai a 1936 aka kafa sashen binciken abin da masu sauraro suke ji da abin da suke so, bayan shekara goma sha huɗu ana yi musu girki ba a tambaye su ba. A 1941 da aka sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire, ya karanta labarai da harshen garinsu, wasu suka rubuto suna cewa ba su iya gaskata labari da irin wannan baki. Mafi muni shi ne abin da ya faru a babban yajin aiki na watan Mayu 1926. Firayim Minista Stanley Baldwin ya yi wa ƙasa jawabi daga gidan Reith kansa, amma shugaban 'yan adawa Ramsay MacDonald ya nema aka hana shi. Babban Bishop na Canterbury, Randall Davidson, ya kawo kiran sulhu, shi ma aka dakatar da shi kwanaki, saboda gwamnati ba ta so. Akushi ɗaya yana da daɗi, amma mai riƙe da ludayi mutum ɗaya ne.

Bayan yaƙi aka raba tasha uku. Light Programme, ta nishaɗi, ta fara a watan Yuli 1945, Third Programme, ta manyan ayyukan adabi da kiɗa, a watan Satumba 1946, Tashar Gida kuma tana tsakiya. Shugaban BBC na lokacin, William Haley, ya kwatanta su da dala, kamar dalar gyaɗa, mai faɗi a ƙasa mai tsini a sama, yana sa zuciya mai sauraro zai fara daga ƙasa ya riƙa hawa. Hawan bai faru ba. Wajen kashi biyu cikin uku na sauraro ya tsaya a tashar nishaɗi, ta uku kuwa sau da yawa ba ta kai biyu cikin ɗari ba, ko da yake a nan ne aka fara watsa Under Milk Wood na Dylan Thomas a 1954. Reith, yana gefe, bai ji daɗin rabon ba, kuma a wannan yana da gaskiya. Abin da ya ceci tsarin na wani lokaci shi ne tashar nishaɗin ma gauraye ce. A cikinta aka fara shirin mata na Woman's Hour a watan Oktoba 1946, wanda, abin dariya, namiji ne ya fara gabatar da shi. A cikinta ne kuma ake minti goma sha biyar na ƙananan yara da iyayensu mata tun 1950, da karatun littafi kafin barci, da The Archers ɗin kanta.

Wannan tsari ya taɓa Afirka ta Yamma kai tsaye. A Accra gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar ZOY a watan Yuli 1935, tana miƙa shirye-shiryen BBC ta waya zuwa gidaje, a shekarun yaƙi kuma ta ƙara harsunan ƙasa, har da Hausa. A Nijeriya, wanda aka ɗora a kan hukumar rediyo ta ƙasa da aka kafa a 1951 shi ne Tom Chalmers, wanda ya taso daga shugabancin Light Programme. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ran 13 ga Maris 1957. Dattijon da ya girma yana jin labarai, sai shirin manoma, sai gaisuwar zaɓi-sonka, sai wasan kwaikwayo, duk a tasha ɗaya, ba zai ga baƙon abu a yinin Tashar Gida ba.

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin ba shawarar mutum ɗaya ba ce. A 1958 gidajen da suke biyan lasisin talabijin sun zarce masu rediyo kaɗai, dare ya koma hannun hoto. Ƙaramin rediyo na teransista ya fitar da sauraro daga ɗakin zama, saurayi ya ɗauki nasa ya shiga ɗakinsa. Lokacin yara, wanda aka fara tun 1922, aka rufe shi a 1964 duk da kukan iyaye, gama yaran sun riga sun tafi. A wannan shekara Radio Caroline ta fara zuba waƙoƙin matasa daga jirgin ruwa a bayan iyakar ƙasa, wasu suka bi sahunta, miliyoyi suka koma can, kamar yadda kakanninsu suka koma Luxembourg. Gwamnati ta yi doka ta rufe yawancinsu a watan Agusta 1967, ran 30 ga Satumba kuma BBC ta sake wa tashoshinta suna da lamba, daga ɗaya zuwa huɗu, ta farko ta waƙoƙin matasa zalla. Takardar manufa da ta fitar a 1969, Broadcasting in the Seventies, ta faɗi abin a fili, cewa mai sauraro yana so ya san abin da zai tarar kafin ya kunna, saboda haka kowace tasha ta riƙe iri ɗaya. Ma'aikatan gidan fiye da ɗari suka sa hannu a wasiƙar ƙin yarda suka aika wa jarida, amma a watan Afrilu 1970 sabon tsari ya fara aiki.

Masu takardar ba ƙarya suka yi ba, haka mutane suke so, kuma saurayin da aka hana waƙarsa shekara da shekaru yana da hakki ya same ta. Abin da ba su sa a ma'auni ba shi ne tuntuɓen nan, irin wanda mai jiran waƙar Wales ya yi da Lewis. Ba wanda yakan rubuto wasiƙa ya nemi abin da bai san yana nan ba, saboda haka binciken masu sauraro ba ya iya ƙirga shi. Tashar da ta gaji Tashar Gida, Radio 4, ita ce ta riƙe ragowar tsohon gauraye, ko da yake an kwashe mata yawancin kiɗa. A cikinta har yanzu ana yin Woman's Hour da The Archers, da labarai da wasan kwaikwayo da barkwanci. Bayan tsakar dare kuma akan karanta hasashen iska da igiyar ruwa domin masu jiragen teku, yanki yanki, da sunayen wuraren da yawancin masu ji ba su taɓa gani ba, suna kwance a gidajensu nesa da gaɓa suna saurara.